Sabon Marubuci da Karɓar Gyara

Duban kai, wato mutum ya auna aikinsa ba tare da son zuciya ba, shi ne abin da ya fi yi wa sabon marubuci wuya, domin yakan ɗauki gyaran da aka yi masa tamkar raini. Alal misali, Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya shiga gasar rubutun littattafai ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, daga baya kuma ya tafi Zariya ya zauna da Rupert East, wanda ke duba masa rubutu, har Magana Jari Ce ta samu. Barkwancin da ya cika littafin shaida ne cewa gyaran bai rage masa daɗin aikin ba.