Ƙishirwar Ɓera da Rumbun Manomi

Manomin masara a Faskari ko Sabuwa ya san ɓera yana yawaita bayan kaka, ya kuma ja baya idan rani ya tsananta. Galibi ana danganta wannan da abinci kaɗai, alhali ruwa ma yana da nasa hannun.

A ɗakin gwaji, macen ɓera tana sakin ƙwayayen haihuwa duk bayan kwana 4 zuwa 5. Idan aka taƙaita mata ruwa, ƙwaƙwalwarta takan saki sinadarin basofiresin, wanda ke umartar ƙoda ta rage fitsari. Sai ta rage cin abinci da kanta, domin busasshiyar ƙwaya ba ta narkewa sai da ruwa. Sinadaran damuwa su hau, su danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa mahaifar ƙwai, zagayen ya tsawaita ko ya tsaya. Jiki ya yi lissafi ke nan: wadda ba ta da abin sha ba ta da nonon shayarwa.

Ɓeran gonakinmu, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, macensa takan kai nono 24, cikinta kwana 23 ne kacal, tana kuma iya zuba 'ya'ya sama da 10 a haihuwa ɗaya. Binciken da Herwig Leirs da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna yi a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ya nuna haihuwarsa na bin sawun ruwan sama, har ma ruwan da ya sauka da yawa kafin lokacinsa kan jawo annobar ɓera. Shi ne kuma ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau.

Sai dai ɓeran da ya shigo gida bai san rani ba. Randa a buɗe, kwatar wanke-wanke, kaskon kaji, duk rijiyoyi ne a wurinsa. A yankin Ƙanƙara, inda rashin tsaro ya riga ya rage abin da ake nomawa, wannan sakaci yana da tsada. Kuma an saba neman maganin ɓera a watan Nuwamba, lokacin da ya riga ya cika rumbu. Watannin Maris da Afrilu, sa'ad da adadinsa ya ragu kuma haihuwarsa ta tsaya a daji, su ne suka fi dacewa da rufe randa, toshe ramuka da ɗana tarko.