Ranar da na murɗa makunnin oksijin

Ƙanwata ta haifi bakwaini, aka sa jaririyar a kwalba da siririn tiyo a hanci, ni ke zaman jinya. Wani dare na ga ƙirjinta yana lotsawa, nas kuma ta fita. Sai na miƙa hannu na murɗa makunnin oksijin, 'yar ƙwallon da ke cikin gilashin ta haura sama. A raina taimako na yi.

Da nas ta dawo, ta dubi na'urar da ke maƙale a ƙafar yarinyar, ta ga awon oksijin ya kai 100, nan take ta mayar da makunnin inda yake. Ta ce, "Hajiya, oksijin magani ne, da awo ake ba da shi. Kada garin neman gira mu rasa ido." Laifin nawa ne, ban yi musu ba.

Ashe manyan likitoci ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1950 asibitocin Amurka da na wasu ƙasashe sun riƙa cika kwalaben bakwaini da oksijin, yara kusan 10,000 suka makance a duniya. Mawaƙi Stevie Wonder, da aka haifa a 1950, yana cikinsu. A 1951 likita Kate Campbell ta Ostireliya ta nuna cewa yawan iskar ne sanadi. Da aka rage ta fiye da kima kuwa, mace-mace suka ƙaru. A 1967 William Northway na Jami'ar Stanford ya bayyana yadda oksijin da injin numfashi ke lalata huhun da bai gama nuna ba.

Wannan ɓarna ta huhu ake neman gyarawa yanzu da ƙwayoyin halitta na asali da ake samu a jinin cibiya. A Koriya ta Kudu an zuba su ta maƙogwaron jarirai 9, sakamakon 2014 ya nuna ba su cutar ba. Amma gwajin jarirai 66 da ya fito a 2021 bai nuna gagarumin sauƙi a jimlace ba. Har yanzu bincike ake yi.

Allah ya kiyaye, yarinyarmu ta tashi lafiya. Darasina shi ne tausayi ba ya maye gurbin sani. Ku masu zaman jinya, in numfashin jariri ya ba ku tsoro, ku ɗaga murya ku kira nas. Kada ku ƙara, kada ku rage.