Kayan Gyaran Tsohuwar Tarakta a Ƙasar Bakolori

Tarakta, wadda manoma da yawa ke kira tantan, ta yawaita a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun bayan an kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, kuma filayen noman rani da aka shata sun kai kimanin hekta 23,000, abin da garmar shanu kaɗai ba za ta iya ba. A wancan zamani ana harhaɗa Fiat a Kano, ana harhaɗa Steyr a Bauci, ga Massey Ferguson da ake shigowa da ita daga Ingila. Da darajar naira ta karye bayan 1986, sabuwar tarakta ta fi ƙarfin yawancin manoma, masana'antun nan ma suka durƙushe. Daga nan sai aka koma lallaɓa tsofaffi.

Abu na farko da dattawan direbobi da makanikai na wannan yanki suka fahimta shi ne tarakta da danginta take rayuwa. Wadda ke da 'yan'uwa da yawa a ƙasa tana daɗewa, wadda ta zo ita kaɗai kuwa, komai ƙarfinta, ƙaramin abu ke zaunar da ita a gindin bishiya har kaji su mayar da ita akurki. Massey Ferguson ta tsira ne ta wannan hanya. Samfurin 135, wanda aka fara ƙerawa a 1964, injin Perkins mai silinda uku gare shi, kuma an ci gaba da ƙera dangin wannan inji a Fakistan da Indiya shekaru da yawa bayan Ingila ta daina samfurin. Saboda haka fistan da ringi da fakin da suka fito daga Lahore kan zauna a injin da ya girmi makaniken da ke ɗaura su. Fiat ma ta sami irin wannan gata, domin an ci gaba da ƙera danginta a Fakistan. Steyr ce ta fi shan wahala, duk da yabon da tsofaffin direbobi ke yi wa ƙarfinta.

Neman kaya hawa-hawa ne. Ƙananan abubuwa irin su filta da fanbel da boris da noti akan dace da su a Talata Mafara, musamman ranar Talata da kasuwa ke ci. In ba a samu ba, sai Gusau ko Sakkwato. Manyan kaya kamar kulochi da famfon gas da haƙoran giya su ke kai mutum Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani lokaci ma sai dillali ya aika Ladipo a Legas. Rashin tsaro a hanyoyin Zamfara ya rage wannan zirga-zirga. Yanzu an fi ɗaukar hoton kayan a tura ta waya, a biya kuɗi, a sako shi a motar haya.

A nan ne dattawa ke ɗan ja da baya. Hoto ba ya nuna kauri, ba ya ƙirga haƙora daidai, kuma boris biyu na iya yin kama a ido alhali ɗaya ba zai shiga mazauninsa ba. Ƙa'idarsu tun da can ita ce a cire abin da ya lalace, a naɗe shi a tsumma, a tafi da shi gaban mai shago a gwada kusa da kusa. Suna kuma kwafe lambar da aka buga a jikin inji, domin fenti da sunan da ke kan murfi ba abin dogara ba ne: taraktar da ta shekara arba'in ta ratsa hannu da yawa, ba mamaki injin da ke cikinta na wata ne daban.

Kayan da ke kasuwa iri uku ne. Akwai sabo na asali, mai tsada da wuyar samu. Akwai sabo mai araha, wanda jabu ya yi yawa a cikinsa, har da kwali mai ɗauke da sunan kamfani. Sai na hannu, wanda ake ce wa Baljiyam, da aka ciro daga injunan da suka yi aiki a Turai. A ƙarfe mai kauri, dattawa sun fi amincewa da na hannu mai kyau a kan sabon da ba a san asalinsa ba. A roba da fakin da ringi kuwa ba sa yarda da tsoho ko kaɗan. Kuma ba sa yin arahar filta, domin man gas da ake sayarwa a jarka yakan zo da ruwa da datti, ƙurar hunturu ga ta, kuma famfon gas da nozul su ne suka fi saurin cin kuɗi idan datti ya kai gare su.

Matacciyar tarakta ita ma rumbu ce. Wanda ya sayar da ita ga 'yan bola jari a kan kilo yakan zo ya sayi guntu ɗaya nata da kuɗin da ya kusa na gangar jikin duka. Abin da kasuwa ta rasa, mai walda da mai juya ƙarfe a inji suna iya ƙerawa, kamar fil da bushin da ƙafar haro, amma ba a kai musu abin da ke cikin famfon gas.

Sauran magana ta lokaci ce. A inda ake noman damina kawai, tarakta na hutawa wata da watanni. A Bakolori kuwa, da an kwashe shinkafar damina sai gyaran filin rani, don haka tazarar gyara 'yar kaɗan ce. Da ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kowa na neman haro a mako guda, farashin kaya ya tashi, makanikai su yi wuyar gani. Shi ya sa masu tsohon hannu ke buɗe inji tun cikin bazara, su saurari ƙararsa, su duba launin hayaƙi da yadda yake shan baƙin mai, su ajiye fanbel da filta da boris na gaba a ɗaki kafin a karɓi kuɗin aikin kowa.