Ƙarfen da Ke Maido da Harsashi

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera, a ƙaramar hukumar Augie, cikin Nuwamban 2024, samarin unguwarmu a Argungu suka duƙufa koyon saiti. Ƙanena na cikinsu. Shi ya ja ni wajen 'yan gwangwan, muka sayi wani faifan ƙarfe da aka yanko daga tsohuwar tirela, muka kai wa mai walda ya yi masa ƙafafu, ya zama abin auna harbi.

Dattijon ya sa guduma ya buga, wurin ya lotsa. "Yaro, me kuke ɗura wa bindigar tokar?"

"Ƙwallayen boris, Baba."

Sai ya ajiye gudumar.

Abin da ya gane da hannu, daga baya na same shi a rubuce. Dalma kan tarwatse idan ta bugi ƙarfe mai tauri da santsi. Shi ya sa a Amurka ake yanka irin wannan faifai daga ƙarfen AR500, a rataye shi a karkace domin tartsatsin ya nufi ƙasa. Ƙarfe mai taushi kuwa rami yake yi, ramin ya koma tamkar ludayi, ya juyo da ɓarɓashin kan mai harbi. Boris ya fi muni, domin ba ya tarwatsewa, dawowa yake yi sukutum. Ɗan gwangwan kuma nauyi yake aunawa, babu ruwansa da tauri.

Dattijon ya ƙi aikin. Ƙanena ya yi kwana biyu yana fushi, har da ni da na yi shiru. Yanzu buhunan yashi suke harbi. Faifan kuwa yana ƙofar gidanmu, an rufe kwata da shi.