Koren Agusta Ba Na Murna Ba Ne



A gidanmu da ke Rimin Gado akwai wani zanen fenti da kwana biyu kacal ya yi a bangon ɗakin kakarmu Iya, aka sauke shi. Ƙanenmu ne ya zana shi lokacin da ya fara koyon zane a Kano. Gonarmu ta gado ya ɗauko: dawa ta wuce tsayin mutum, gyaɗa ta rufe kunya, kukar da ke kan iyaka ta cika da ganye, sama kuma ta yi wasai. Ko'ina kore shar. Mu jikoki muka taru muna yabawa, har da masu cewa a kai shi birni a sayar.

Iya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Maigidan, wannan wane wata ne ka zana?"

Ya ce, "Agusta ne Iya, tsakiyar marka."

Ta ce, "To ɗauke mini shi daga nan. Ni in na ga irin wannan koren, gindin rumbu nake tunawa."

A ranar dariya muka yi, muka ce tsufa ne. Sai daga baya muka gane ta fi mu sanin launi.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kan hanyar Gwarzo ya san abin da Agusta ke nufi. Lokacin ne hatsin bara ya kusa ƙarewa, gero bai nuna ba, kwanon masara ya yi tsada a kasuwa. Lokacin ne ake cika ciki da kwaɗon rama da tafasa, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, katangar ƙasa tana zubewa cikin dare. Iya ta ga farin 1973, ta kuma ga na 1984. Ta ga shekarun da shuka ta yi kyau kamar a sa hannu a ɗauka, ruwa ya ɗauke kafin ta yi ido. A wurinta kore alƙawari ne da ba a cika ba tukuna. Launin murna shi ne na kaka: karan da ya bushe ya koma ruwan ƙasa, zangarniyar kaura mai ɗorawa-ɗorawa, farfara fara sol a masussuka, harawa an ɗora ta a kan rufi da rassan itatuwa. Baƙo zai kalli wannan ya ce ƙasa ta mutu. Mai gona kuwa a lokacin yake barci da minshari.

Ƙanenmu bai yi kuskuren fenti ba, koren da ya haɗa shi ne a gonar. Kuskurensa da namu shi ne mun aro ma'anar koren daga wani wuri. Daga kalandar bango muka koyo ta, da finafinan Indiya, da hotunan da masu fenti ke yi a bangon shagon aski: tsauni, ƙorama, ciyawa kamar darduma. A ƙasashen da sanyi ke kashe ganye watanni, fitowar kore bushara ce. A nan ma ruwan farko bushara ne, amma kafin koren ya kai na Agusta ya riga ya haɗu da fargaba.

Masu zanen shimfiɗar ƙasa da suka yi suna sun daɗe da sanin cewa launi ba ya zama wuri ɗaya. Claude Monet na Faransa ya tsaya a kan tarin damman hatsi da ke wata gona kusa da gidansa a Giverny, daga ƙarshen 1890 zuwa 1891, ya zana su sau ashirin da wani abu: da safe, da yamma, cikin ƙanƙara, cikin rana. Dammai dai su ne, amma kowane zane da halin da yake jefa mai kallo. A zamaninmu David Hockney na Ingila ya koma yankinsu na Yorkshire ya riƙa zana hanyoyin karkara iri ɗaya a kowane yanayi na shekara. Babban zanensa na 2007, wanda ya haɗa da alluna 50, itatuwa ne tsirara babu ganye. Bai jira sun yi kore ba kafin ya ga sun cancanci fenti.

A gida ma muna da abin koyi. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya don su daina kallon ƙasarsu da idon malamansu Turawa. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Grillo, wanda ya rasu a 2021, an san shi da shuɗi. Yakan rina mutane da titi da sama duka da shi, har mai kallo ya ji wata natsuwa ta sauko masa. Farfesa Jerry Buhari, na wannan jami'a, ya shafe shekaru yana zanen da ke magana a kan yadda ake lalata ƙasa da muhalli. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ya ɗauki launi a matsayin kwalliya. Da shi suke faɗin abin da ke ransu game da wurin.

To mu da alƙalami ne buroshinmu fa? Harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin. Bahaushe bai raba launi da zuciya ba: farin ciki, baƙin ciki, jan hali, farin jini, baƙar magana. Sunayen launukanmu kuma yawanci daga gona da gida suka fito: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan makuba, ruwan ƙasa, rawaya da ta ci sunan tsiron da ake rini da saiwarsa, shuɗi da ke tuna mana shunin marina irin ta Ƙofar Mata. Duk wanda ya rubuta "ruwan makuba" ya kawo ɗorawa da daɓen ɗaki da hannun matan da suka yi daɓen, a kalma biyu. Amma mu buɗe labaranmu mu gani. Da yawanmu da zarar masoya za su haɗu sai mu kai su lambu mai korayen ciyayi da furanni kala-kala, ko da kuwa labarin a watan Maris yake faruwa, lokacin da ko akuya ba ta samun ɗanyen ganye a ƙasa. In baƙin ciki ne sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Alhali a Rimin Gado, baƙin hadari daga gabas a watan Yuni shi ne abin da ake fita roƙo a samu.

Mu dubi gawo. Duk itatuwan da manoma ke bari a gona, kuka da tsamiya da ɗorawa da rimi, babu mai saɓa wa jama'a kamarsa. Da damina, lokacin da kowa ya yi kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya fari fat kamar busasshe. Da rani, lokacin da kowa ya kaɗe, sai ya yi lif. Manomi yana son sa don haka: ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da babu ciyawa. Marubucin da ya san wannan, in ya zaunar da wata bazawara a ƙarƙashin koren gawo a tsakiyar rani, ya faɗi abu mai yawa game da ita ba tare da ya yi sharhi ba. Wanda bai sani ba zai ba gawo ganye a Agusta, mutanen ƙauye su karanta su san bai taɓa riƙe fartanya ba.

Haka hazo. Daga Disamba zuwa Janairu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan shafe komai, rana ta koma kamar farin faranti, rimin da ke nesa ya zama inuwa kawai. Ruwan toka ne, amma ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Ga amarya lokacin biki ne, an sayar da amfani, kuɗi ya shigo. Ga uwar da 'ya'yanta suka hau mota zuwa cirani, launin gidan da ya yi shiru ne. Aikin mai zane da marubuci shi ne su zaɓi ta idon wa za a kalli hazon.

Bayan shekara guda ƙanenmu ya sake zana gonar, daga daidai inda ya tsaya da farko, amma a Nuwamba. Babu kore sai ɗan abin da ya rage a kan tsamiya. Kara a tsaye an jingina shi, ƙasa ja-ja, amalanke ɗauke da dammai, ƙura ta ɗan dusashe sama. Mu a ganinmu bai kai na farko kyau ba. Iya ta sa aka kafa masa ƙusa a saitin gadonta, yana nan har yau.

Abin da ya sa muka kawo wannan zance shi ne gonakin da ke bakin titin nan sun fara komawa fulotai, itatuwan kuma gatari yana cin su ɗaya bayan ɗaya. In ba mu rubuta launinsu yadda yake ba, da abin da yake nufi ga masu nomansu, jikokinmu za su buɗe littattafanmu su tarar da lambun wata ƙasa.

Ga ɗan aiki ga mai sha'awa. Ka zaɓi wuri ɗaya a garinku, bakin rijiya ko gindin wata bishiya. Ka siffanta shi a layi biyar yadda yake a wannan makon, da sunayen launi na Hausa zalla. Sannan ka karanta wa wani tsoho ko tsohuwa a gidanku, ka tambaye su wane wata ne wannan, kuma me yake tuna musu. In sun canki watan, ka kama hanya.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalaminmu ya amfani jama'a.