Muryoyin Sun Yi Shiru, Lissafin Bai Dawo Ba

A kasuwar kifi ta Kado, cikin Abuja, akwai wani saurayi da ke taya kawunsa ciniki. Da can shi ne mai lissafin rumfar, kafin a rufe baki ya haɗa kuɗi. Sai ciwon taɓin hankali, irin wanda likitoci ke kira sikizofireniya, ya kama shi, ya riƙa jin muryoyi alhali kuwa babu kowa. Aka kai shi asibiti, magani ya karɓe shi, muryoyin suka yi shiru, dangi suka yi hamdala.

To, da ya koma rumfa sai wani abu ya bayyana. Mai saye zai ce a auna masa tarwaɗa kilo 2, a yanka, a ba shi canji. Kafin kifin ya hau sikeli sauran maganar ta zube masa. Ran nan kawun ya ce, "Kai ɗan nan, ashe ba ka warke ba? Wannan kuma lalaci ne." Har ya soma zancen mayar da shi ƙauye.

Lalle ba lalaci ba ne. A shekarar 1974 waɗansu masana biyu na Ingila, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka bayyana yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe 'yan abubuwa na ɗan lokaci tana aiki da su, kamar faifan da mai talla ke ɗora kaya a kai. Wannan ciwo yakan ƙuntata faifan. Haka kuma yakan raunana aikin sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, watau tsara abin yi, da sanin na fari da na biye, da sauya dabara in ta ƙi. Sau da yawa raunin yakan riga muryoyin zuwa. Magungunan da aka soma samu tun 1952 suna kwantar da muryoyi, amma nan wurin kaɗan suke taɓukawa, abin da ba kasafai dangi suke sani ba.

Matar kawun ce ta gano bakin zaren, ita da ba ta taɓa jin sunan Baddeley ba. Ta sa aka rubuta farashi a jikin kwali, aka ɗauke masa akwatin kuɗi, aka bar masa sikeli, kuma umarni ɗaya ake ba shi, sai ya gama a ba shi na biyu. Kawun bai daina guna-guni ba, amma ya bar zancen ƙauye.