Mandara ko Alantika: Shawara ga Mai Tafiyar Ƙasa Daga Garwa

Idan hunturu ya kama, ruwan Binuwai ya janye ya bar rairayi, samarin Garwa da baƙin da ke sauka garin sukan fara shawarar fita tafiyar ƙasa ta kwanaki a cikin duwatsu. Hanyoyi biyu ne suka yi suna: ta duwatsun Mandara a arewa, da ta duwatsun Alantika a kudu maso yamma. Dukkansu a kan iyakar Nijeriya suke, kuma da rani ƙasa ce busasshiya, inuwa sai wadda dutse ya bayar.

Ta Mandara ta fi daɗewa a bakin mutane. Akan tashi daga Rumsiki, kimanin kilomita 55 daga Mokolo, inda tsaunuka ke tsaye ɗai-ɗai kamar tabaren da aka kafa a ƙasa. Ragowar duwatsu masu aman wuta ne, iska da ruwa suka cinye gefensu. Gaba kaɗan, a ƙasar Mafa, mutum zai ga gangaren dutse an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da jerin duwatsu don kada ruwan damina ya kwashe ƙasar noma. Aikin kakanni ne, ba siminti ba ƙarfe, kuma har yau dawa da gero na fita a kansa. Waɗannan tuddai sun zama mafaka a zamanin harin bayi, har zuwa kwanakin Hamman Yaji na Madagali a farkon ƙarni na 20. A 2025 hukumar UNESCO ta sa tsofaffin gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, da ke wannan yanki, cikin kayan tarihi na duniya. Ƙauyuka kusa suke da juna, don haka ruwa da masauki ba su cika yi wa matafiyi wuya ba.

Sai dai, ɗan'uwa mai karatu, kyan wuri ba ya tsaron rai. A watan Fabrairu na 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza, kuma daga 2014 hare-haren Boko Haram suka yi ta faɗa wa ƙauyukan iyaka a Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava. Turu, mai shahararriyar kasuwar Alhamis, na cikin garuruwan da suka sha wannan masifa. Rumsiki tana kudu da inda abin ya fi ƙamari, amma doguwar tafiya ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma mai tafiyar ƙasa ba shi da motar gudu.

Zuwa Alantika kuwa, akan bi hanyar Ngaundere, a ratse zuwa Poli, a ƙetare kogin Faro, a sauka Wangai. A nan ake gaida sarkin gari, a nemi ɗan jagora da masu ɗaukar kaya. Daga nan sai hawa, kuma hawa ne mai tsanani. Gidajen Koma a warwatse suke a kan tudu, babu kanti, babu asibiti a kusa. Wasu baƙi na zuwa ne don kallon mutanen kamar abin nuni, su ɗora musu kyamara ba sallama ba izini. Wannan rashin ladabi ne. Baƙo a gidan mutum yake, ko da gidan bukka ce a kan dutse. Gishiri da sabulu da ashana tsaraba ce da ake karɓa da murna.

A ganina, a halin da ake ciki, mai ƙarfin ƙafa ya zaɓi Alantika. Wahalarta irin wadda ake iya yi wa tanadi ce, ta Mandara kuwa ba a hannun matafiyi take ba. Duk da haka jihar Arewa ma ta san masu satar mutane don kuɗin fansa, saboda haka a sanar da jandarmomi a Poli kafin a hau, a kuma bar wa gida ranar dawowa.

Lokacin fita daga Disamba ne zuwa tsakiyar Fabrairu, domin a Maris da Afrilu zafin wannan ƙasa kan haura digiri 40. A tafasa duk ruwan da za a sha, kada a yi wanka a kududdufi saboda tsargiya, kuma inda ruwa ya yi ƙaranci ga taimama nan, Shari'a ta sauƙaƙa. Yawancin mazauna tudun ba Musulmi ba ne, sukan tari baƙo da bilbil, giyar dawa. A yi godiya da sakin fuska a ce ba a sha. Guzuri a riƙe kilishi da ƙuli-ƙuli da dabino da garin rogo. Wanda ya so nama ya sayi kaza a ƙauyen, ya yanka da kansa.